Bakin 'Yan Kallo a Ranar Gwaji

A ƙasarmu ta Kabi, watau daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da garuruwan da ke bin gulbin Rima, shekarar ɗan kokawa ba ta kamawa sai an kai gero rumbu, an yanke shinkafar fadama, hunturu ya fara busowa daga gabas. Da damina ba mai zancen kokawa, gama fartanya ta ishi kowane ƙato abokin karawa. Amma da zarar an yi kaka, ciki ya ɗauka, farin wata ya fito, sai ka ji ganga ta tashi a dandali bayan sallar lisha, yara su fara guje-guje, samari su ɗauro walki, kowa ya san lokaci ya yi.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a gayyaci wani gari, ko a amsa gayyar wani, sai mutanen gari su fara karawa tsakaninsu, domin a ga wanda damina ta ƙara wa ƙarfi da wanda ta rage wa, da yaron da ya tasa, da gwanin da ya fara sanyi. Wannan ita ce kokawar gwaji. Ba a cin riga a cikinta, ba a cin rago, ba a kuma lissafa kayen da aka yi a cikinta in ana ƙirga kayen mutum. Bisa ga hankali, ya kamata a ce ita ce kokawar da ta fi kowace sanyin rai. Amma mu da muka tashi a wurin, muna iya shaida muku, 'yan'uwa, ba mu san ranar da baki ke yin zafi irin ranar gwaji ba. Saboda haka 'yan kallo za mu ba ku labari a wannan fito na jaridar makaranta, da abin da bakinsu ke ɗaurawa da abin da yake kwancewa, sa'an nan mu gwama su da 'yan'uwansu na wata ƙasa mai nisa, masu kallon wasan da ake kira zari-ruga.

Sai dai kafin mu shiga fage, dole mu bayyana wa waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba abin da ya sa Argungu ke da nauyi haka a zuciyar ɗan kokawa. Abokan wasanmu Katsinawa da ke nan makaranta sukan ce Bakabe bai san komi ba sai kifi. To, su saurara su ƙaru. Tun daga shekarar 1805, da mutanen Shehu suka ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma suka kafa sarautarsu a Argungu, takobi bai daɗe cikin kube ba tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. An yi sulhu a zamanin Sarkin Kabi Toga, aka kuma koma yaƙi, har Turawa suka zo suka tarad da abin haka. A shekarar 1934 ne Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu da ƙafar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi, aka shirya masa babban su domin girmamawa. Daga wannan ziyara ake lissafin bikin kamun kifin da duniya ta sani yau, wanda ake yi a Matan Fada, har a 2016 hukumar UNESCO ta rubuta shi cikin al'adun da ya kamata 'yan Adam su kiyaye. Baƙo yakan zo ne don ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora, ya ga giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, ya ga kabanci, watau tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa. Amma a tudu akwai dambe, akwai kokawa, kuma ga saurayin ƙauye, ya shiga wannan fage ko sau ɗaya, makaɗi ya ambaci sunan garinsu a gaban sarakuna, abu ne da zai riƙa faɗa wa jikokinsa.

Bayan bikin 2009 sai abin ya tsaya. Shekara goma cur ba a yi ba, sai a watan Maris na 2020 aka sake buɗe shi. Masu lissafin dukiya sun yi ta ƙirga hasarar da 'yan kasuwa da masu masauki suka yi a cikin waɗannan shekaru. Mu abin da muka gani da idonmu shi ne hasarar 'yan kokawa. Ƙarfin ɗan kokawa bai cika wuce shekara goma sha ba, kamar damina yake, in ta wuce ta wuce. Akwai mutanen da suka yi ganiyarsu tsakanin 2010 da 2019, ba wanda ya kai bayansu ƙasa a gundumarsu, amma ba su taɓa taka fagen Argungu ba, don babu shi.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane ɗan garinmu ne. Garin yana tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ba sai mun faɗi sunansa ba, haka shi ma mutumin, gama yana nan da ransa, kuma ba ya son yawan magana. Manomi ne, gajere, mai kaurin wuya, ƙafafunsa kamar turame. A 2009 yana yaro mai riƙe wa manya layu da goran ruwa. Da labari ya zo cikin hunturun 2020 cewa bana za a yi biki, shekarunsa sun ba talatin baya, ya yi 'ya'ya huɗu, gwiwarsa ta hagu kuwa takan dame shi in sanyi ya yi yawa. Dattawan gari suka ce mutum biyu za a aika. Na ɗaya ba gardama a kansa. Gurbi na biyu shi ne abin magana, tsakanin wannan gwani da wani dogon yaro ɗan masunta, wanda bai cika ashirin ba, amma tuƙin jirgi ya buɗe masa kafaɗu, ya kuma kada sa'o'insa duka a kakar da ta wuce. Aka sa ranar gwaji, wata Laraba da la'asar, bayan an tashi daga kasuwa.

Muna gida a lokacin, muka je da wuri don mu sami gaba. Kafin makaɗa su gama ɗaure ganguna, da'ira ta cika, yara sun ɗare itatuwa, mata sun tsaya can baya bisa turame da tudun shara, masu babura sun jera su suna tsaye a kan sirdi. Ba wanda ya raba mutane, amma sun rabu: masunta da samari a gefen gulbi, manoma da magidanta a gefen masallaci. Aka yi ƙananan karawa guda biyar ko shida, ba wanda ya kula. Sa'an nan aka kira su biyun.

Abin bai daɗe ba. Suka sunkuya, suka yi ta shafar hannun juna, gwanin yana ja da baya kaɗan-kaɗan, yaron yana binsa. Sau biyu yaron ya kai hannu ga ƙafa, sau biyu gwanin ya zame. A na uku yaron ya sami ƙugu, ya ɗaga, gwanin ya sa masa taɗiya, suka yi tangal-tangal su duka, sai muka ga gwanin ya saki, ya dafa ƙasa da hannu, ya miƙe yana kakkaɓe tafi, har da murmushi. A dandalinmu wannan kaye ne.

Wayyo, ina ma kuna wurin! Ƙura ta tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Samari suka ɓarke cikin fage suka ɗauki yaron bisa kafaɗa, mata suka rangaɗa guɗa, wani mahauci ya jefa hularsa sama bai sake ganinta ba. Muna jin wani yana ihu yana cewa, "Wanga yaro namiji na! Shi ka kai mu Argungu bana!" Wani kuma, wanda mun san bara-waccan shi ke riƙe wa gwanin riga, yana cewa, "Tsoho ya ƙare, ku ba shi tazbaha shi tai masallaci!" A gefen magidanta kuwa aka yi tsit, sai wani ya ce an yi wa mutuminsu asiri, wani ya ce alkalin wasa surukin masunta ne, wani ya ce ai ƙasar wurin an yayyafa mata ruwa da gangan. Kafin magariba an yi rantsuwa ta fi ɗari, an yi zagi, an kusa ba hammata iska tsakanin mutum biyu da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wannan a kan kayen da ba a lissafa shi.

Akwai wani tsoho kusa da mu, wanda ya yi kokawa a zamaninsa, yanzu yana cikin masu zaɓe. Bai ce uffan ba, yana ta tauna goro. Muka durƙusa muka ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya dube mu ya ce, "'Yan makaranta, ni ƙahwa nika dubi, ku ko ƙura kuka dubi." Muka roƙe shi ya ƙara mana bayani. Ya ce gwanin ya riga ya sami abin da ya zo nema tun a kamu na biyu, watau ya auna ƙarfin yaron, ya kuma ji yadda gwiwarsa take. Da ya ga in ya dage sai ɗayansu ya ji ciwo, saura mako kaɗan a tafi, sai ya saki. Yaron kuwa, in ji shi, yana da ƙarfi da zuciya, amma duk sa'ad da zai kai hannu sai ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya, kuma a Argungu akwai waɗanda wannan kaɗai suke jira.

Kwana bakwai ba a yi wata hira a garin ba. A rumfar mahauta, a bakin gulbi inda ake gyaran koma, a wurin masu shayi, har a ƙofar masallaci bayan an sallame. Samari suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ga shi kuwa ranar Laraba aka yi, me ya saura? Magidanta suna amsawa da cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda kayen ke girma kullum. Ran Alhamis an ce ya dafa ƙasa. Ran Asabar an ce ya durƙusa. Kafin wata Laraba, wani da bai ma je wurin ba ya rantse mana cewa yaron ya ɗaga shi sama ya maka shi da ƙasa har ya suma.

Da muka dawo ga karatu, muka fara bin labarin wasannin wasu ƙasashe, sai muka tarar ashe wannan hali ba na Kabawa kaɗai ba ne. Zari-ruga ba wasan ƙasarmu ba ne. Abin da Turawan makaranta suka dasa mana a Birnin Kebbi tun shekarun 1920 shi ne ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da sonsa. Zari-ruga kuwa a Arewa Kano ce ta karɓe shi, inda aka kafa ƙungiya mai suna Barewa. Amma ɗan Kabi in ya gan shi ba zai yi baƙunta ba, don rabinsa kokawa ce. Mutum 15 ke kowane gefe, ana yin minti 80. Ƙwallon ba kewayayye ba ne, dogo ne kamar ɗan gora. Ana ɗaukarsa da hannu a ruga, amma ba a jefa wa abokin wasa gaba, sai baya ko gefe, kuma duk wanda ke riƙe da shi halal ne a rungume shi a kada. Wanda ya kai shi bayan layin abokan karawa ya dangwala a ƙasa ya ci maki 5, in kuma aka buga shi ya bi ta saman sanda tsakanin dogayen turaku biyu a ƙara 2. In an yi ƙaramin laifi, sai ƙarti 8 daga nan, 8 daga can, su sunkuya su sarƙe kafaɗu su yi ta turin juna kamar bijimai, a jefa ƙwallon a tsakanin ƙafafunsu. Ana danganta asalinsa ga wata makaranta a garin Ragbi na Ingila, inda ake ba da labari wai a 1823 wani ɗalibi ya sungumi ƙwallo ya ruga da shi. A 1871 aka kafa hukumarsa a Ingila. Har jininmu ya kai ƙololuwa a cikinsa, gama Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a 2025 aka ba shi jagorancin 'yan wasan Ingila.

Su ma suna da ranar gwaji. A da, in za a zaɓi waɗanda za su tsaya wa ƙasa, sai a raba gwanaye gida biyu, waɗanda ake kyautata zaton za a ɗauka a gefe guda, waɗanda ke neman shiga a gefe guda, su kara, masu zaɓe suna zaune da fensir. Har yanzu kuma ƙungiyoyi sukan yi wasannin share fage kafin kakar wasa ta kama, inda mai horarwa ke sa wannan ya cire wancan yadda ya ga dama, ba ruwansa da yawan maki. 'Yan kallo kuwa ruwansu ne ƙwarai. In an ci, a ce bana kofi namu ne. In an sha kashi, a ce a kori mai horarwa tun ba a fara ba.

Ku ji abin da ya faru a Niyuzilan, ƙasar da zari-ruga ya zama mata kamar yadda su ya zama wa Argungu. A 1905 suka zaɓi 'yan wasa za su aika Ingila, tafiyar makonni a jirgin ruwa. Kafin su tashi suka yi wasa 4 a gida na gwaji, suka ci 2, suka yi canjaras a 1, na ƙarshe kuwa mutanen lardin Welintan suka ci su 3 da babu. Ku ƙaddara abin da aka faɗa a bakin tasha ran nan. Suka isa Ingila, wasansu na farko suka ci mutanen Debon 55 da 4. Wasa 35 suka yi a wannan tafiya, suka ci 34, ba wanda ya kai su ƙasa sai mutanen Wels, a Kadif, ran 16 ga Disamba, su ma 3 da babu. Bayan shekara 19, watau a 1924, aka sake shirya wata tafiyar. Kafin a tashi, mutanen Okland suka lallasa zaɓaɓɓun 14 da 3, masu sharhi suka yi ta kushe su, suna cewa ba su isa su tsaya wa ƙasa ba. Waɗannan da aka kushe wasa 32 suka yi a Ingila da Ailan da Wels da Faransa da Kanada, ba su faɗi ko ɗaya ba, ba su ma yi canjaras ba. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara 19, Joj Nepiya, ɗan kabilar Mawuri, mai tsaron baya, wanda bai huta ko wasa guda ba duk zamansu a Turai. Da tsohon nan na garinmu ya iya karatun boko, da ya ce ga shaidunsa.

Dalilin da ya sa gwaji ke ruɗin mai kallo ba boyayye ba ne, in an natsu. Mutum biyu sun shiga fage ɗaya, amma ba abu ɗaya suka zo nema ba. Sabon shiga ba shi da wata rana sai wannan. In bai nuna kansa yau ba, ba wanda zai sake tambayarsa, saboda haka yakan zuba duk abin da ke gare shi, har da na gobe. Gwani kuwa an riga an san shi, abin da yake tsoro shi ne targaɗe, kuma ba ya son ya tona dabarar da ya tanada a gaban idon da zai kai labari wani gari. Ga shi kuma 'yan gida ne, sun san kamun juna tun suna yara, wanda ya san inda kake sa ƙafa kuwa yana iya ba ka wahalar da baƙo ba zai ba ka ba. Mutanen Welintan da na Okland haka suke ga zaɓaɓɓunsu: abokan wasansu ne na kullum, cikinsu har da waɗanda aka tsallake wajen zaɓe, masu neman su nuna an yi musu rashin adalci. Sa'an nan ga yunwar kallo. Mutumin da ya yi wata biyar bai ga kokawa ba, ko shekara goma bai ga Argungu ba, in ya ga kaye ɗaya sai ya gina masa soro.

Duk da haka ba mu yarda da masu cewa bakin 'yan kallo iska ne kawai ba, ko da yake a ɗakin malamai mun sha jin haka. Da fari dai, hayaniyar ita kanta tana cikin gwajin. Yaron da ihun mutum ɗari uku na garinsu ya sa ƙafarsa rawa, yaya zai yi a gaban dubbai? Tsohon nan da kansa ya gaya mana daga baya cewa abin da ya fi burge shi ga ɗan masuntan shi ne, da aka sauke shi daga kafaɗa, bai yi kirari ba, sai ya je ya durƙusa gaban wanda ya kada. Ba don taron ba, da ba a ga wannan ba. Na biyu, dattawa ma mutane ne. Suna da sabo, suna jin nauyin wanda suka daɗe tare, kuma da wuya tsohon ɗan kokawa ya yarda cewa zamanin wani gwani ya wuce, don yana tuna ranar da aka faɗa masa haka. In ba samari sun yi ihu ba, wani yaron sai ya tsufa yana riƙon goran ruwa. Karen bana shi ke maganin zomon bana, wannan magana tasu ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Inda muka rabu da su shi ne wajen tazbaha. A yabi yaro ba laifi. Amma mutumin da ya riƙe sunan gari shekara goma ba tare da an ba shi fagen da ya cancanta ba, a ce cikin minti uku ya zama abin dariya a bakin wanda ya sha riƙe masa riga, wannan bai yi mana daɗi ba, har yau kuwa bai yi ba. Kwana uku bai fito hira ba. 'Ya'yansa ma sai da aka yi musu waƙa a hanyar makarantar allo.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan al'amari sun sa masa doka. Tun 1975, da aka fara a Tawa, suke yin kokawar ƙasa ta neman takobi, jihohi 8 kowace ta kawo mutum 10. Kafin a je, kowace jiha takan yi nata zaɓen, kuma mutanen Kamba da Kangiwa, da ke bakin iyaka da jihar Doso, suna bin labarin a rediyo kamar nasu, balle da yake Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobin fiye da sau biyar. Dokar ta rage son kai, amma duk wanda ya zauna da mutanen Gaya lokacin zaɓe ya san ba ta rage ko kalma ɗaya daga bakin 'yan kallo ba.

Mun daɗe a kan wannan ne, 'yan'uwa, domin aikin da ake horon mu a kansa rabinsa zaɓe ne. Gobe za a ba kowannenmu aji, a ce ya fid da goma sha ɗaya da za su buga wa makaranta ƙwallo, ko ya faɗi yaran da za a sa gaba a jarrabawa, bayan gwaji ɗaya ko biyu. Ranar nan za mu sami kanmu a mazaunin tsohon nan mai goro, iyaye da 'yan aji da sauran malamai suna ihu ta kowane gefe. Mu kanmu ma nan ba da daɗewa ba za a aika mu gwajin koyarwa, malami ya zauna a bayan aji da takarda, cikin minti arba'in ya rubuta irin malamin da za mu zama. Muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, ranar nan su dubi ƙafa.

Wataƙila kuna so ku ji yadda aka ƙare. Dattawa suka yi zama biyu ba su daidaita ba. A na uku gwanin da kansa ya aiko ƙanensa ya ce a kai yaron, shi zai bi su ya riƙe masa ruwa, kamar yadda ya riƙe wa wasu a 2009. Waɗansu suka ce girma ne, waɗansu suka ce gwiwa ce, waɗansu suka ce fushi ne ya yi da gari. Ba wanda ya tambaye shi. A Argungu yaron ya kada mutum na farko kafin makaɗi ya gama ambaton garinmu. Na biyu ya ba shi wuya, amma ya kada shi. Na uku wani baƙin mutum ne marar tsawo, daga yamma, wanda ya yi ta ja da baya kaɗan-kaɗan yana shafar hannu, har yaron ya haɗe ƙafafunsa zai kai kamu. Ba mu ga yadda aka yi ba, sai ƙura.

A mota ɗaya muka komo da dare, mu da samari da magidanta, an cushe har bisa kaya. Tun daga tashar Argungu samari ke cewa ga shi nan, mutum biyu ya kada a gaban sarakuna, wa ya taɓa yi wa garin haka? Magidanta suna cewa da nasu aka sa, wannan na ukun ba zai kai labari ba, gama irin kamunsu ɗaya. Direba ya tsaya sau biyu ya ce in ba a yi shiru ba kowa ya sauka. Su biyun da ake yi dominsu suna can ƙuryar baya, yaron ya yi barci da kansa bisa kafaɗar gwanin, shi kuwa yana riƙe da goran ruwan, yana kallon fitilun masunta a fadama.